Tutar Gudu da tutar 1960: musayar baiti

Na-Rima:
Salamu alaikum. Jiya na bi ta Hubbaren Shehu Ɗan Fodiyo bayan la'asar, baiti ya zo mini. Amsa-amo "ci" ne, kada a karya.

Shehu ya bar Degel ya nufi Gudu,
A 1804, gudun zalunci.
Jangali da gaisuwar alƙali,
Ya ce ba su cikin adalci.
A 1960 an sauke tutar Ingila,
Kore da fari ta hau, mun sam 'yanci.
Tuta biyu ke nan muka gada,
Tukunyarmu ko ba ta ga abinci.

Bagobirin Sabon Birni:
Malam Na-Rima, sannu da tarihi,
Kun ci Alƙalawa da sunan aminci.
Taho gabas ka ga sabon jangali,
Mai bindiga ka amsa tai, ba shi rangwame balle sassauci.
Kahin ka sa lauje ga geron gonarka,
Sai gari ya tara kuɗɗi cikin ƙasƙanci.
Ku na birni ku sha inuwar dogon yaro,
Ku bar mu da kwanan daji da ƙunci.

'Yar Wurno:
Kai, Bagobiri! Wannan baiti ya taɓa ni. Allah ya ƙara basira, ka fi wasu.

Na-Rima:
Su wa ne "wasu", Hajiya?

Mai Tawada:
Ku dakata. Bagobiri, ɗangonka na huɗu ya fi amalanke tsawo, sai an huta a tsakiya. Kai kuma Na-Rima, wa ya ce a jefa lamba cikin baiti? Rera 1804 mu ji: dubu ɗaya da ɗari takwas da huɗu, gaɓa 12 ke nan, kari ya mutu tun a Degel.

Na-Rima:
Allah gafarta Malam, ana kukan targaɗe,
Kai ka zo da ma'aunin malanci.
Shekara uku kana gyaran na mutane,
Naka baitin ya ɓuya don lalaci.

Mai Tawada:
"Malanci" ba kalma ba ce a nan, malanta ake cewa. Ka murɗe ta don amsa-amo.

Ɗan Raba:
Ku bar faɗan gaɓa ku tuna Sardauna Gamji,
Aiki da ibada ne shugabanci.
Jami'a a Zariya ya kafa mana,
Bai tara gidaje don son kai ko butulci.
Tun 15 ga Janairun 1966
Arewa ke sanye da rigar maraici.

Ɗan Sawaba:
Ɗan Raba, yabon gwani ya zama dole,
Amma tambayi tsoffin NEPU kan 'yanci.
Dogarin En'e da bulala da gidan yari,
Su ma a wancan zamanin suka ci.
Malam Aminu ya tsaya wa talaka,
Kowa da nasa gwanin, bar ƙabilanci.

Mai Tawada:
"Suka ci" kalma biyu ce, amma na bari. Ɗan Raba ma ya sa lamba.

'Yar Wurno:
Duk kun lissafa maza kun manta Nana Asma'u,
Da 'yan taru masu yaƙar jahilci.
Jaji da malfa tana bin ƙauyuka,
Tana kai wa matan aure ilimi da mutunci.
Yau jikanyarta na tallan albasa a tasha,
Ajinsu ba rufi, malam ya tafi kasuwanci.

Ɗan Raba:
Hajiya, wannan ba laifin Sardauna ba ne.

'Yar Wurno:
Na ambaci sunansa?

Bagobirin Sabon Birni:
Ku gafarce ni, kwana biyu ba sabis, sai da na hau tudu. Na ga an bar maganar gero an koma ƙirgan gaɓa.

Baba Mai Tawada, ɗangona ya yi tsawo,
Daren da muka kwan gudu ya fi shi tsanani.

Mai Tawada:
Allah ya tsare ku, ɗana. Amma "tsanani" ba ta ƙare da "ci" ba.