Abin da aka tsayar a zaman 'yan kasuwar Garwa ta Kamaru kan bashi da canji

Bayan La'asar muka zauna a rumfar wani dattijo, hira ta koma kan bashi. Wanda ya fi kowa shekaru ya tuna mana 1994, lokacin da aka rage darajar sefa da rabi a dare ɗaya. Masu bashin kuɗin waje sun wayi gari nauyinsu ya ninka. Shawararsa: wanda ke cinikin sefa ya ci bashin sefa kawai.

An daɗe kan naira. Sefa a ɗaure take da yuro, sefa 655.957 kowane yuro ɗaya, ita kuwa naira tun da aka bar kasuwa ta yanke mata farashi a 2023 ta zube ƙwarai. Masu kai kaya Mubi da Yola suka ce kada naira ta kwana a aljihu; a saya kaya nan take ko a canza. Ni ma nan na tsaya.

Wani ya kawo misalin Chadi, wadda ta dogara da mai, faɗuwar farashinsa a 2014 ta bar ta da bashin kamfanin cinikin mai na Glencore har sai da aka sake tsara biyansa. Don haka kada jari ya taru kan haja ɗaya.

Adashe kuwa, an ce a ci gaba, amma da sanannun mutane.