Kumfa ta ƙi barin tankin iska, ku taimaka

Salamu alaikum 'yan uwa. Ina aiki a ƙaramin wurin tace ruwan datti na wani otal a nan Garwa, kuma yau sati uku kenan wata kumfa mai ruwan ƙasa ta rufe tankin da muke hura wa iska, mai kauri ce, tana maƙale wa hannu kamar mai, da safe har ta malalo kan siminti. Farar kumfar sabulu na santa, feshin ruwa ke kwantar da ita, wannan kuwa ko gezau.

Wani abokina da ke labo ya duba a madubin ƙwayoyin cuta, ya ce ya ga zare-zare masu rassa, wato wata ƙwayar bakteriya mai suna Nocardia, ita ce ke cin maiƙo ta taso sama, wata ƙwayar kuma mai kawo irin wannan kumfar, Microthrix parvicella, ta fi son sanyi, mu ko zafin nan ya haura digiri 40. Maiƙon kicin kam yana shigo mana sosai.

Na rage iska, na ƙara zubar da laka, muna kwashewa da bokiti amma kwana biyu ta dawo. Shin in fesa kulorin a saman kumfar, kuma nawa, kada in kashe ƙwayoyin masu amfani da ke cinye dattin ruwan? Don Allah wanda ya taɓa fama da wannan ya faɗa min.