Wane suna za mu raɗa wa chipmunk da Hausa?

Mai fassara: Assalamu alaikum. Ana neman sunan Hausa ga 'yar dabbar nan da Turawa ke kira chipmunk, don littafin kimiyya na firamare. Wasu na rubuta "ɗan kurege", amma yaro zai ɗauka jaririn kurege ake nufi. Me kuka gani?

Malamar kimiyya: Wa alaikumus salam, Malam. Dangin kurege ne, babu ja. Sai dai namu kan kai rabin kilo har fiye, shi kuwa na gabashin Amurka da ƙyar yake wuce giram 150. Kusan iri 25 ne, duk a Arewacin Amurka in ban da na Sibiriya da ke arewacin Asiya. Ka ga in aka ce "kuregen Amurka", an bar na Sibiriya a waje.

Likitan dabbobi: Ni dai so nake sunan ya ɗauko halinsa. Yana da jaka cikin kowane kunci, sai ya cusa iri da ƙwayoyin itatuwa da ƙafafun gaba har kan ya yi suntum, ya ruga rami ya zazzage, ya dawo. Bakin ramin bai fi santimita 5 ba, kuma ba ka ganin tulin ƙasa a gefensa, amma ciki kan kai mita 9, da ɗakin kwana mai shimfiɗar ganye, da na ajiya. Shi kaɗai yake zama. Dalilin wannan tari shi ne ba ya tara kitsen da zai riƙe shi har ƙarshen sanyi. In dusar ƙanƙara ta sauka sai ya kwanta, jikinsa ya yi sanyi ƙalau, bugun zuciya ya ragu ainun, bayan 'yan kwanaki ya farka ya ci daga rumbunsa, ya koma. Shekarar da itatuwa ba su yi 'ya'ya ba, ko maƙwabci ya yashe masa ajiya, yunwa na iya kashe shi kafin bazara. Don haka na ce "kurege mai zabira".

Malamar kimiyya: Zabira ta yi daɗin faɗi, Likita, amma ba shi kaɗai ke da ita ba. Wasu nau'o'in kuregen ƙasa na can ma suna da jakar kunci. Mu kuma in aka ce guzuri a baki, gafiya ce ke zuwa ran Bahaushe, ita ake ce wa tsira da na bakinki.

Mai fassara: To "kurege mai zane" fa? Ai layi 5 ne masu duhu a bayan na gabashin.

Likitan dabbobi: A nan ne za a ruɗe. Kuregenmu ma yana da farin layi a kowane gefe, daga kafaɗa zuwa cinya. Abin da masana ke dubawa a daji fuska ce: baƙin layi ya ratsa ido kamar an ja kwalli, fari a samansa, fari a ƙasansa. Akwai wani kurege a duwatsun yammacin Amurka mai zane a jiki da ake yawan ɗauka shi ne, fuskarsa da ba layi ita ke raba gardama.

Malamar kimiyya: Ashe tsaga ce da shi. Da tsaga muke gane asalin mutum, da ita kuma ake gane wannan. "Kurege mai tsaga."

Mai fassara: Wannan ya zauna. A ambato na farko zan sa "kurege mai tsaga a fuska" tare da hoto, don kada a ɗauka tsagar riga ce. Zabirar kuma ta shiga babin abincinsa, Likita.

Likitan dabbobi: Na yarda. A ƙara kukansa: "cip-cip" mai kaifi in maƙiyin a ƙasa yake, kamar kyanwa, mai kauri kuma in shaho ne a sama.