Neman shawara: contains ya ƙi ganin ɗalibina a Java

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina shekara ta biyu a karatun kwamfuta nan Sakkwato, jibi zan miƙa aiki. A yaren rubuta manhaja na Java na yi aji (class, wato tsarin da ake ƙera abubuwa da shi) mai suna Dalibi, na rubuta masa equals(Dalibi d) don ya riƙa kwatanta lambar rajista. In na kira shi da kaina, true yake ba ni. Amma da na zuba ɗalibai cikin ArrayList (jerin ajiye abubuwa) na tambayi contains (mai duba ko abu yana cikin jerin), sai false, alhali lambar ɗaya ce. Tun bayan isha'i nake kansa, ga zafi, an ɗauke wuta, caji saura kashi 12. Mi na ɓata?

Ɗan Mabera: Wa alaikumus salam ƙanena. Obalodin ka yi (suna ɗaya, abin karɓa daban), kana zaton obaraidin ne (maye gurbin na gado). Kowane aji a Java magajin Object ne, kuma equals na Object, Object yake karɓa, ba Dalibi ba. Da ka canza abin da yake karɓa, na gadon yana nan daram, takwara kawai ka yi masa. Shi kuwa contains na gadon yake kira, wanda bai san wata lambar rajista ba, abin da yake dubawa shi ne ko abu guda ne a ma'ajiya. Mai da shi equals(Object o), ka tantance ko Dalibi ne da instanceof, ka ɗora @Override (alamar cewa gurbin na gado kake mayewa) a kai. Da ka sa @Override tun farko, kwamfaila (mai fassara abin da ka rubuta zuwa yaren na'ura) da kanta za ta tsayar da kai.

Malama daga Arkilla: Haka ne. Obalodin, kwamfaila ce ke zaɓe tun kafin manhaja ta tashi, bisa adadi da nau'in abin da ka miƙa. Dubi println mai buga abu a allo, yana karɓar int (lamba), yana karɓar String (rubutu). Obaraidin sai manhaja tana gudu ake duba ainihin abin. Kuma ka gyara hashCode (lambar da ake ba abu don saurin nemo shi) tare, in ba haka ba HashSet, wani ma'ajin da ke dogaro da wannan lambar, zai maimaita maka wannan ciwon kan.

Ɗan Runjin Sambo: Ni obalodin da na sani shi ne na tasha, mutum biyu gaba, huɗu baya. Amma dai kada ka kai wannan yaren Python, can in ka maimaita suna na ƙarshe ke cinye na farko.

Mai tambaya: Ya yi wallahi! Ina sa @Override a kan tsohon sai ga jan layi. Na gode Yaya. Malama, hashCode ɗin lambar rajistar kaɗai ta isa?

Malama daga Arkilla: Tunda ita kaɗai equals ke dubawa, ta isa.