Waɗanda suka taɓa zuwa Lacock, ku ba mu labari

Ɗan Birnin Kudu: Salamu alaikum 'yan uwa. Iyalina za su zo min hutu, ina so in kai su Lacock, ƙauyen nan na yankin Wiltshire a Ingila, mai tsohon gida. Wa ya taɓa zuwa?

Hajiya ta Bristol: Wa alaikumus salam. Na je bara a lokacin kaka. Jirgin ƙasa muka hau zuwa Chippenham, daga nan mil uku ne, sai muka ɗauki tasi. Asalin gidan mazaunin mata masu zuhudu ne na Kirista, wata mai sarauta, Ela ta Salisbury, ce ta kafa shi a 1232. Da Sarki Henry na takwas ya rufe irin waɗannan wurare, William Sharington ya saye shi a 1540, ya rushe cocin, ya mai da saman wurin kwana. Barandar ƙasa mai kewaye tsakar gida tana nan, sanyi kamar cikin randa. Ka sa wa yara rigar sanyi.

Mai Hoto: Ni wata taga ɗaya ta gidan ce ta kai ni. A 1835 mai gidan a lokacin, William Henry Fox Talbot, ya ɗauki hotonta a kan takarda, ɗan mitsitsi, bai fi kan sarki ba. Daga irin wannan ne aka samu hanyar wanke hoto ɗaya ya zama goma. Shekaru na yi ina ɗaukar hotunan biki a Zariya, ban san mafarin sana'ata ba sai ranar da na tsaya gaban ƙananan gilasanta. Wallahi na daɗe ban motsa ba.

Maman Biyu: Malam, ka riƙe tsaba. A ƙofar wasu gidaje za ka ga tebur da kek da furanni, ba mai tsaro, ka ɗauka ka jefa kuɗin a gwangwani. Ɗana ya yi ta waige yana neman mai kayan. Amma don Allah a ja wa yara kunne, mutane ne ke zaune a gidajen. Tun 1944 mai gidan ta ƙarshe, Matilda Talbot, ta ba National Trust, ƙungiyar adana wuraren tarihi, gidan da kusan duk ƙauyen, haya suke biya. Na ga wani baƙo ya manna fuska a tagar wata tsohuwa tana cin abinci, abin ya sosa min rai.

Hajiya ta Bristol: Af, na manta. Ku yi guzuri, ku tafi da darduma. Mu a kan ciyawa muka yi azahar, kusa da kogin Avon.