Me za mu kira saikoloji a cikin aji?

Malaman da ke koyar da saikoloji, fannin da ke nazarin yadda mutum da dabba ke tunani da aikata abubuwa, a kwalejojin ilimi sun samu kayan aiki masu yawa a intanet, tun daga littafin kyauta na OpenStax da Jami'ar Rice ta Amurka ke fitarwa har zuwa bidiyoyin gwaje-gwaje a YouTube, amma duk wanda ya tashi yi wa ɗalibai bayaninsu da Hausa, sunan fannin ne ke fara tsayar da shi.

Abin da aka fi ji a rediyo shi ne "ilimin halayyar ɗan Adam". Ina ganin rigar ta yi wa fannin kaɗan. Malami zai kunna bidiyon da ke bayanin karnukan Ivan Pavlov, masanin Rasha da ya nuna cewa kare na iya koyon zubar da yawu da jin sautin da ya saba zuwa kafin abinci, ko kuma tantabarun da masanin Amurka B. F. Skinner ya yi gwajin koyo da su, sai ɗalibi mai lura ya tambaya inda ɗan Adam yake a nan. Ban da haka, Bahaushe ya ce hali zanen dutse, wato abu ne da ba ya kankaruwa, alhali babban ɓangare na fannin yana magana ne a kan koyo, mantuwa da sauyawa.

Gwajin Stroop na 1935, wanda ake iya yi a waya cikin minti biyu, ya ƙara fito da matsalar. Ana rubuta kalmar "ja" da koren tawada, a ce mutum ya faɗi launin tawadar, sai a ga harshensa yana sarƙewa domin karatu ya riga ya zame masa jiki. Babu wanda zai kira wannan hali nagari ko mugun hali. Aikin tunani ne da maida hankali.

"Ilimin ƙwaƙwalwa" kuwa yana kai zuciyar mai sauraro asibitin masu taɓin hankali. "Ilmun nafsi" na Larabci ya fi kusa da asalin kalmar saikoloji, wadda ta fito daga Girkanci da ma'anar nazarin rai, sai dai a kunnen ɗalibanmu nafsi ta fi kama da darasin tarbiyyar zuciya a zauren malam, nesa da ɗakin gwaji irin wanda masanin saikoloji Wilhelm Wundt ya buɗe a Leipzig ta Jamus a 1879.

Shawarata ita ce "ilimin tunani da ɗabi'a". Tunani ya ɗauki abin da ke gudana a ciki, ɗabi'a ta ɗauki abin da ido ke gani, kuma muna cewa ɗabi'ar dabbobi ba tare da kunne ya ji wani iri ba. Sunan yana da tsawo, don haka a jadawalin darussa a bar "saikoloji" yadda muka bar "kimiyya" da "falsafa", malami ya warware ta da wancan suna a ranar farko.