Kofi Goma, Ƙofa a Rufe

Malama Talatu, Unguwar Rogo:
Salamu alaikum 'yan zaure. Tun daren Asabar 26 ga Yuli 2025, da Super Falcons, 'yan ƙwallonmu mata, suka ci kofin Afirka, abin nan ke cina, yau dai na ce sai na amayar. Amsa-amona "wa" ne, mai iyawa ya biyo ni, wanda bai iya ba ya zo da nasa.

Mutan Jos, ku ba ni kunne kaɗan,
Da ƙorafi na zo, ba da gaisuwa.

Daren da 'yan matanmu ke Rabat,
Wutarmu ta tafi ba ko sallamawa.

Na aiki ɗana gidajen kallo uku,
Kwaɗo ya tarar, ba mai buɗewa.

Maroko ta zura biyu kafin hutu,
A waya nake bi, zuciya na bugawa.

Esther ta rama, Folashade ta ƙara,
Jennifer ta rufe, ba mai musawa.

Kofi na goma ke nan a hannun Falcons,
Na maza uku ne, in ana ƙirgawa.

Da Arsenal ce ke wasan sada zumunta,
Da janareta ya kwana yana kuwwa.

Mai gidan kallo, ga fili ga mai doki,
Fito ka faɗa mana dalilin rufewa.

Ɗanliti Mai Gidan Kallo, Bauchi Road:
Wa alaikumus salam. Malama, Allah ya huci zuciyarki. Ni ma a rufe nake a daren, ba zan ɓoye ba.

Malama, sassauta, ni ɗan kasuwa ne,
Ba a tayar da inji da yawun baki.

Fetur da tsada, ga kuɗin kati duk wata,
Ga hayar rumfa, ga yaro mai aiki.

Na taɓa gwadawa a 2023,
Suna da Ingila da safe, na share ɗaki.

Mutum bakwai suka zo, uku bashi suka ci,
Benci ashirin na kallona da mamaki.

Ran Madrid da Barca kuwa har ta taga ake leƙe,
Mai tsiren ƙofa ma sai ya yi ciniki.

Abin da jama'a ke so shi nake sawa,
Kawo 'yan kallo, ni in kunna miki.

Sani Mai Labarin Wasanni, Tudun Wada:
Malama ta jefi Ɗanliti, amma na san dutsen mu 'yan rediyo yake nema. Gara in tare shi tun bai fasa min kai ba.

Minti goma ake ba ni da safe,
Uku na masu talla ne, su ke biya.

Mai talla Firimiya yake so ya ji,
In na kauce, gobe ya sake hanya.

Masu bugo waya Chelsea suke tambaya,
Ko me Plateau United ta yi jiya.

Gasar mata ta gida kuwa, Malama,
Sakamakon ma sai na sha wuya.

Amazons na Lafiya, Angels na Fatakwal,
Su buga su tashi shiru, kamar a rijiya.

Ban ce mu wankakku ne tas ba,
Amma jinka ba ta ɗaukuwa da hannu ɗaya.

Malama Talatu:
Madalla, kun fito ku biyu. To ku tsaya nan.

Ɗanliti da Sani, bakinku ɗaya,
Kun ɗora wa 'yan kallo laifin ƙin zuwa.

Wa aka haifa a Dilimi da son Chelsea?
Mikel ya je can, kuka yi ta nunawa.

Asabar da Lahadi, shekara da shekaru,
Har ɗan firamare ya iya lissafawa.

Ya san mai tsaron gida, ya san na benci,
Ya san wanda aka saya da wanda ake sayarwa.

Mai talla in ta rufe tire da mayafi,
Sai ta koma gida ta ce ba mai tayawa?

Asisat sau shida gwarzuwar Afirka,
A Barcelonar taku ta yi ta zurawa.

Ka nuna Barca ta maza sau dubu,
Tata ko da kuskure ba ka taɓa sawa.

Ranar kofi kowa ɗan'uwansu ne,
Hoto da manya, kiɗa da rawa.

Kwana uku an naɗe tabarma,
Sai wani kofin, in da rabon tunawa.

Ɗalibaina na gudu a filin Rwang Pam,
Cikin sanyin nan mai sa haƙora kaɗawa.

In ce musu Deborah Pam 'yar Filato ce,
A gudun fanfalaki na Legas ta sha ficewa.

Su ce, Malama, mu ba mu taɓa jin ta ba,
To Sani, wa ke da alhakin sanarwa?

Baba Alhaji, Gangare:
Yara, ku bari tsoho ya sa baki. Ni na ga Mighty Jets da idona lokacin tana tashe, ba na jin akwai wanda ya girme ni a son ƙwallo a zauren nan. Amma 'yar nan ta tono mini wani abin kunya.

Olamfik ɗin Atlanta, 1996, ina da ƙarfina,
'Yan ƙwallonmu har yau ina jero su.

Kanu, Okocha, Amokachi ɗan Kaduna,
Tijjani Babangida, Garba Lawal cikinsu.

Suka doke Ajantina uku da biyu,
Muka cika titi muna kiran sunansu.

Ashe kwana ɗaya kafin wannan dare,
Wata 'yar sanda ta riga ta gabace su.

Chioma Ajunwa, tsalle guda, mita 7.12,
Zinaren farko na ƙasar nan, kafin nasu.

Gidan da Legas ta ba ta sai a 2021,
Jariran wancan dare har sun yi 'ya'yansu.

Ni da na haddace maza goma sha ɗaya,
Sunanta jikata ta koya min, ban yi musu.

Ɗanliti:
Baba, ran nan a gidan wa kuka kalla? Ko shi ma ya rufe ranar tsallen?

Baba Alhaji:
A shagon wani mai gyaran rediyo ne a Terminus, Allah ya jiƙansa. Bai rufe ba, mu ne ba mu je ba.

Garba Tela, Rikkos:
Baba, a gafarce ni, zan ɗan saɓa.

Ku dai faɗi gaskiya, a 2025 an kyauta musu,
Ba a bar su sun dawo a ɓoye ba.

Shugaba Tinubu ya tarbe su a fadarsa,
Dala 100,000 kowacce, ba wasa ba.

Ga lambar girma ta OON, ga alkawarin gida,
Ni shekara talatin a keke ban ga haka ba.

Sannan ni uba ne, 'ya'ya mata uku,
Gajeren wando a fili ban yarda ba.

A yaba wa na Kudu, Allah ya ƙara,
Amma tawa ba za ta bi sahu ba.

Hafsat 'Yar Jami'a, Farin Gada:
Kawu Garba, ina wuni. Ka yi min afuwa, yau 'ya za ta amsa wa uba.

Kawu, da ladabi na zo, ba raini ba,
Amma akwai gyara a cikin zancenka.

A 2016 sun ɗauko kofi a Kamaru,
Haƙƙinsu ya maƙale a Abuja, har da kuka.

Suka ƙi barin otal, suka ɗau kwalaye,
Har ƙofar Majalisa. Ya kai kunnenka?

Kyautar 2025 ta yi, ba mai ƙin ta,
Amma ruwan rana ɗaya ba ya raya shuka.

Batun sutura, tun 2014 FIFA ta yarda
A rufe kai a buga, sai ka gyara kekenka.

Benzina ta Maroko da hijabi ta buga
Kofin Duniya na 2023, duba wayarka.

Maryam Usman ta Kaduna, mai ɗaga ƙarfe,
Zinaren Commonwealth a Glasgow, 2014, 'yar Arewarka.

Da an faɗe ta yadda ake faɗin Ronaldo,
Da tuni sunanta ya zauna a bakinka.

Garba Tela:
Kai, wannan yarinya, Allah ya shirye ki. Maryam ɗin ban taɓa jin ta ba, wannan na yarda. Dogon wando da riga mai hannu kuwa ɗinkinsu ba wuya. Amma 'ya'yana suna nan inda na ajiye su, baiti bai isa ya ɗaga ni ba.

Sani Mai Labarin Wasanni:
Hafsat ta sa na buɗe littafin shirye-shiryena. Abin da na gani bai yi min daɗi ba.

D'Tigress na kwando, daga 2017 zuwa 2025,
Kofin Afirka biyar a jere, ba su saki ko ɗaya.

A Olamfik ɗin Paris 2024 sun kai zagayen 'yan takwas,
Ba maza ba mata, su ne farko a nahiya.

Mai horar da su mace ce, Rena Wakama,
Na ba su minti ɗaya, na koma Firimiya.

Tobi Amusan, gudun tsallake shinge, daƙiƙa 12.12 a 2022,
Tarihin duniya, na karanta shi a ƙarshen jiya-jiya.

Zan roƙi minti biyu duk ranar Laraba,
In oga ya hana, Malama, ke za ki bugo waya.

Baba Alhaji:
Sani, "ƙarshen jiya-jiya" kuma wane yare ne? Amsa-amo ya kore ka har ka faɗa rami.

Sani:
Baba, a rufa min asiri, shirin safe ya hana ni barci.

Ɗanliti:
To ni ma ga nawa, kada a ce mai gidan kallo ya gudu.

Wasan Falcons na gaba zan tayar da inji,
Benci uku na gaba na mata ne, na ba ki.

Zan sa labule tsakani, Kawu Garba ya ɗinka,
Naira 200 kowacce, ba bashi, ba cin fuska a aiki.

Malama Talatu:

Ɗari biyu ta yi wa 'yar makaranta yawa,
150, in kawo aji guda, ba ragewa.

Ɗanliti:
Aji guda mutum nawa ne, Malama? In sun kai arba'in na sallama. Amma su zo da canji.